Kwabon Hajiya Mai Huji

Kwana arba'in da rasuwar kakarmu aka buɗe adakarta. Zannuwa ne a sama, sai turaren wuta a ƙulle, sai carbi biyu da tsohon fasfon da ta je Makka da shi. A can ƙasa aka tarar da wani gwangwanin madara mai nauyi, an toshe bakinsa da tsumma. Da Gwaggo ta zazzage shi a kan tabarma sai ga sulalla sun watse, wasu sun yi kore, wasu sun yi baƙi, wasu har yanzu da sauran ƙyalli. Akwai anini da ɗari da kwabo masu huji a tsakiya, akwai taro da sisi da sule, akwai kwabban zamanin naira da 'yan dalolin Nijar da halalar Saudiyya. Akwai sulen Gana guda biyu, wataƙila tun zamanin da kakanmu ke fataucin goro, da wata babbar azurfa mai hoton wata mace mai jiki. Magada suka dubi juna, suka ce wannan ba abin da za a kira malami ya raba ba ne, sun yafe wa jikoki. Gwaggo ta miƙo mana gwangwanin, tunda an san mu da tara irin wannan tarkace, ta ce mu je mu wanke su mu gano ko mene ne, ranar Juma'a kowane jika ya zo ya ɗauki ɗaya da ya fi so. Muka ce mata ba a wanke tsohon kuɗi, wanki rage masa daraja yake yi. Ta ce to mu dai muka sani.

Abin da muka ɗauka aikin minti biyar ne sai ya cinye mana mako, ya kuma jawo gardama tsakaninmu da ƙaninmu wadda har yau ba ta mutu ba. Gardamar a kan tambaya ɗaya take. Idan mutum ya ɗaga wata kwandala ya ce ita ya fi so, me ya ɗora wa kansa? Ya yarda ke nan da wanda ya buga ta, da abin da aka buga ta dominsa, ko kuwa so daban yarda daban?

Sana'armu rubuta manhajar biyan kuɗi. A irin wannan manhaja ba a ajiye kuɗi da naira, da kwabo ake ajiye su, domin kwamfuta takan yi ɗan kuskure idan tana lissafi da gutsuren lamba, amma ba ta yi da cikakkiyar lamba. Naira 500 a wurinmu kwabo 50,000 ce. Kullum muna ƙirga miliyoyin kwabbai a allo, alhali an yi shekaru rabon da wani ya miƙa wa mai shago kwabo ya karɓa. Wataƙila abin da ya ja mu ga tara sulalla ke nan, mu taɓa da hannu abin da muke wuni muna ƙirgawa.

Kusan shekara goma muna tarawa, kuma galibin abin da muka tara irin waɗanda ake bugawa ne don tunawa da wani abu. Muna da yuro biyu da Girka ta buga a 2004 saboda wasannin Olamfik, mai hoton ɗan wasa yana shirin jifa da faifai. Ita ce ta farko a jerin yuro biyu na tunawa da ƙasashen Turai ke fitarwa har yau. Muna da goma sha ɗaya daga cikin sulalla hamsin da Amurka ta buga tsakanin 1999 da 2008, kowace jiha da nata, biyar a kowace shekara. Wasu tsaraba ce abokan aiki suka kawo mana, wasu musaya muka yi. Duk inda masu wannan sha'awa suka haɗu, akwai tambayar da ba ta wucewa: wanne ka fi so? Mun sha amsa ta cikin raha, mu nuna wannan yau, gobe mu nuna wancan.

Da muka isa gida da gwangwanin Hajiya muka yi abin da muka iya. Muka buɗe jadawali a kwamfuta, kowace kwandala da layinta: ƙasa, shekara, irin ƙarfe, nauyi, abin da aka zana, farashin da ake sayar da irinta. Duk mai rubuta manhaja ya san kwamfuta ba ta san babba da ƙarami ba sai an ba ta ƙa'ida, a ce mata ga abu biyu, ga yadda za ki gane wanda ke gaba. Sharaɗin ƙa'idar shi ne kada ta yi tufka da warwara. In na farko ya fi na biyu, na biyu kuma ya fi na uku, to dole na farko ya fi na uku, in ba haka ba jerin ba zai tsaya ba. Da shekara muka jera su, suka jeru. Da nauyi da farashi ma haka. Da muka zo kan so sai ƙa'idar ta karye. Mun fifita babbar azurfar a kan sulen Gana saboda kyau da nauyi a tafin hannu. Mun fifita sulen Gana a kan wani tsohon kwabo mai huji, domin sulen na ƙasar da ta sami 'yanci ne. Amma duk sa'ad da muka ajiye kwabon kusa da azurfar, kwabon hannunmu ke kaiwa. Muka yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Wannan ya tilasta mana mu koma baya mu tambayi kanmu abin da ake zaɓa idan ana zaɓen kwandala. Abu na farko da muka lura shi ne, kafin mai tarawa ya zaɓa, wani ya riga shi. Hukuma ce ke zama ta yanke wanda za a tuna da wanda za a bari, sannan ta buga hukuncinta a ƙarfe ta sa shi a aljihun kowa. Sulen Gana na cikin gwangwanin ya isa misali. A 1958 aka buga shi da kan Kwame Nkrumah, an kewaye shi da rubutun Latin da ke kiran sa wanda ya kafa ƙasar Gana. Ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji suka kifar da shi yana kan tafiya a Asiya, kuma sabon kuɗin da aka fitar a 1967 babu fuskarsa. A 2010 sai ga shi a takardar sidi biyu, don cikar shekara ɗari da haihuwarsa. Mutumin ɗaya ne a duk lokutan uku, masu riƙe da gidan buga kuɗi ne suka sauya.

Jama'a kuma ba kowane umarni suke karɓa ba. An kashe Janar Murtala Muhammad a watan Fabrairun 1976, bayan shekara guda aka fitar da takardar naira 20 da hotonsa, kuma mutane suka karɓe ta har sunansa ya zama sunan kuɗin. Yaron da bai san ko wane ne shi ba ya san murtala. A 2007 kuwa an buga kwandalar naira biyu da hoton ginin Majalisar Tarayya, amma ba ta yi tsawon rai a kasuwa ba, domin babu abin da take saya. Mutane nawa ne yau za su iya faɗin abin da aka zana a jikinta? Saboda haka zaɓen mai tarawa zaɓe ne na uku, bayan na hukuma da na kasuwa, kuma a nan ne kaɗai ake tambayar mutum ɗaya da sunansa.

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne farashi, kuma da shi yawancinmu ke fakewa. A 2009 Ingila ta buga kwandalar fani hamsin don cikar lambun Kew na Landan shekara 250. Guda 210,000 kawai aka saki, wanda ya yi kaɗan ƙwarai a ƙasa mai mutane miliyoyi, don haka yau ana sayar da ita sama da ninki ɗari na abin da aka rubuta a jikinta. Masu farautarta ba lambun ne a ransu ba. Farashin yana auna yawan mutanen da suka rasa ta ne, kuma wanda ya so ta saboda wannan, rashin wasu yake so. Ranar da aka gano wani rumbu cike da irinta, son zai gudu. Dillalan wannan kasuwa suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, kuma saba'in ita ce kwandalar da babu ko ƙwarzane a jikinta, wadda hannu bai taɓa kashewa ba. A wannan ma'auni kusan duk abin da ke gwangwanin Hajiya yana can ƙasa.

Ma'auni na biyu kyau ne, kuma a nan babbar azurfar ba ta da abokin karawa. Ita ce liyari, dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka sun saba da kuɗinta har ba sa yarda da wani, don haka aka ci gaba da buga shi ba a taɓa sauya shekarar ba. Kusan duk wanda ka gani 1780 ne a jikinsa, ko da bayan shekara ɗari aka buga shi. Nauyinsa giram 28 ne da 'yan kai, kuma ta hamada ya riƙa shigowa ƙasar Hausa da Barno. Lokacin da Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya tana canzuwa a wuri 2,500. Ƙanwarmu ta gan shi ta ce nata ne, maƙeri za ta kai wa ya sa masa kunne ta rataya. Babu wanda ya ce mata don me. Kyau hujja ce da ba a cika neman bayaninta ba.

Mu kuwa ranar Juma'a kwabon muka ɗauka. Fari ne, haɗin jan ƙarfe da nikel, ya sha hannu har ya yi sulɓi. A gefe ɗaya akwai tauraro mai tsini shida da shekarar 1936. A ɗaya gefen akwai kambun sarauta a saman hujin, da darajarsa da Turanci da haruffan Larabci, da sunan Sarki Edward na Takwas a kewaye, ya kusa gogewa. Wannan sarki ya hau gadon Ingila a watan Janairun 1936, ya yi murabus a watan Disamba don ya auri wata bazawara Ba'amurkiya da gwamnati da coci suka ƙi. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa a kasuwa ba, amma a Afirka ta Yamma an riga an buga masu yawa, don haka kwabon ba shi da tsada ko kaɗan. Ya zama abin tunawa ba tare da kowa ya yi niyya ba. Sai dai gaskiya ba labarin sarkin ne ya ja mu ba. Wani guntun zare ne da ya yi baƙi, a ɗaure a hujin, da yadda bakin hujin ya ɗan cinye ta gefen da zaren yake.

Ƙaninmu ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce, "Yaya, duk cikin gwangwanin nan ka rasa abin so sai kuɗin Bature? Da wannan fa aka tatsi kakanninmu, kuma ka fi ni sani."

Mun sani kuwa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, ƙwanson nan na teku da ake kawowa tun daga tsibiran Maldibs, wanda da shi aka yi ciniki a Kurmi shekaru aru-aru. Da Turawa suka ci ƙasar, suka hana shigo da wuri, suka nace a biya haraji da jangali da tsabar kuɗinsu. A 1912 aka kafa hukuma a Landan mai buga wa Afirka ta Yamma kuɗi, shekara guda bayan layin dogo ya iso Kano. Wanda ya tara wuri a tukunya ya wayi gari dukiyarsa tana narkewa. Manomin da rumbunsa ke cike da gero ya zama matalauci ranar haraji in ba shi da sule, dole ya noma gyaɗa ko auduga, ko ya tafi cin rani. Kwabo mai huji na cikin kayan aikin da aka yi wannan da su.

Gwaggo tana gefe tana jin mu. Ta ce a miƙo mata. Da ta ga zaren sai ta yi shiru, can ta ce, "Ai wannan na Malam ne, mahaifin Hajiya. Da shi ya dawo daga kuza."

A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙo kuza mai yawa, wadda Ingila ke buƙata don yaƙi. Sai aka juyo kan ma'adinan Jos, aka ɗora wa hakimai da dagatai adadin mazan da kowa zai kawo. Mutane suka laƙaba wa abin ɗiban gwamna, kuma an yi shi har 1944. An kwashi talakawa daga ƙasar zafi zuwa sanyin tsauni, babu isasshen abinci babu mayafi, da yawa ba su dawo ba. Malam yana cikin waɗanda aka ɗiba. Gwaggo ta ce bayan wasu watanni ya dawo da tari, ya kira 'yarsa, lokacin ba ta wuce shekara shida ba, ya damƙa mata kwabo ɗaya. Uwarta ta zura masa zare ta rataya mata a wuya. Malam bai ƙara damina biyu ba. Hajiya ta yi talla, ta yi aure, ta ga lokacin da kwabo ke sayen ƙosai mai yawa da lokacin da ba ya sayen komai, ba ta kashe shi ba.

Ƙaninmu ya ce, "To ka ji. Ladan aikin da ya kashe shi ne." Muka ce masa shi ne kuma abin da ya riƙo tun daga Jos bai ci da shi ba, ya kawo wa 'yarsa. Gwaggo ta ce duk mu biyun mun faɗi gaskiya, mu tashi an kira la'asar.

Tun daga ranar muke juya maganar. Muna ganin akwai abubuwa uku da ƙaninmu ya haɗa wuri guda: ajiyewa, da so, da yarda. Gidan tarihi yana ajiye sarƙar da aka ɗaure bayi da ita, ba don yana son ta ba. Mutum yana iya son gidan da ya tashi a ciki, bai yarda da zaluncin da aka yi a cikinsa ba. Amma in za mu yi masa adalci, tsoronsa yana da tushe, domin Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Wa bai taɓa jin dattijo ko ma saurayi yana cewa zamanin Turawa ya fi, kuɗi na da daraja, da kwabo ɗaya sai ka ci ka ƙoshi? Ana faɗin abin da kwabo ke saya, a manta da abin da ake yi kafin a same shi. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wanda bana ta yi wa zafi yakan yi wa bara kwalliyar da ba ta da ita. Mai tara sulalla ya fi kowa shiga wannan haɗari, saboda kundinsa yana ba kowace kwandala aljihun leda iri ɗaya. Ta wasannin Olamfik da ta haraji suna zaune kafaɗa da kafaɗa, duka sun zama kayan kallo.

Shi ƙaninmu kwabo 25 na 1973 ya ɗauka, mai hoton gyaɗa, na shekarar da aka fara naira. Ya ce wannan namu ne, babu kan sarauniya. Muka tuna masa cewa dalar gyaɗar da ake alfahari da ita a Kano an gina ta ne a kan hukumar saye da ke biyan manomi ƙasa da farashin duniya, kuma a daidai lokacin da ake buga wannan kwandala fari yana cin Arewa, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Kwabo ɗaya na wannan jeri kuwa rijiyoyin mai aka zana masa, a tambayi masunta na Neja Dalta abin da hoton ke tuna musu. Ya ce, "Na ji, Yaya, amma laifin ɗan gida daban da na wanda ya zo da bindiga." Ba mu da amsar wannan, domin gaskiya ne. Kuma mun gane cewa in muka ce ai duk kanwar ja ce, babu kuɗi mai tsarki, kowa ya so abin da ya ga dama, to gudun tunani muka yi. Laifi yana da manya da ƙanana, kuma wanda ya daidaita su duka ya sauƙaƙa wa babban.

Inda muka tsaya shi ne nan. Kowace tsohuwar kwandala tana ɗauke da rubutu iri biyu. Na farko na gidan buga kuɗi ne, an yi shi da bugu ɗaya, iri ɗaya ne a jikin miliyoyi, kuma abin da mai mulki ke so a tuna yake faɗa. Na biyu hannaye ne suka yi shi a hankali: sulɓin da yatsun 'yan talla suka bari, cinyewar da zare ya yi, lanƙwasar da ta samu a lalitar wani. Kasuwar masu tarawa tana biyan kuɗi don na farko, tana kiran na biyu lalacewa. Kwandalar da ta sami maki saba'in ba ta san kowa ba sai wanda ya buga ta. Abin da muke so a kwabon Hajiya rubutu na biyun ne, wanda ya kusa shafe sunan sarkin. Amma ba a iya raba su, ƙarfe ɗaya ne. Saboda haka wanda ya ce wannan ya fi so, ya ci bashin faɗin labarin duka biyun. In muka nuna wa baƙo kwabon muka ba shi labarin sarkin da ya bar gadon mulki saboda mace, aka yi dariya, muka mayar da shi aljihu ba mu ambaci Jos ba, to ƙaninmu ya yi gaskiya a kanmu, sonmu ya zama yarda.

Wannan bashi yana da iyaka kuma, domin akwai labarin da ba namu ba ne mu ɗauka. A kundinmu akwai sulen Biyafara na 1969, na alminiyam mara nauyi, mai hoton bishiyar kwakwa da rana tana fitowa. Mun same shi ta musaya, kuma mun taɓa nuna shi da alfahari muna cewa yana da wuyar samu. Wata rana wani abokin aikinmu ɗan ƙabilar Ibo ya zo gida, yana duba kundin ya tsaya a kansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mahaifiyarsa tana yarinya a lokacin, kuma har yau ba ta maganar waɗannan shekaru. Yaƙin 1967 zuwa 1970 ya biyo bayan juyin mulki da kashe-kashen 1966, har da waɗanda aka yi a garuruwanmu na Arewa, kuma yunwa ta kashe yara ba adadi a cikinsa. Muka ji kunyar kalmar da muka saba faɗa. Daga nan muka sami gwajin da muke amfani da shi: kafin mu kira wata kwandala abar so, mu tambayi kanmu ko za mu iya faɗin haka, da dalilinmu, a gaban wanda ta fi shafa. Kwabon 1936 za mu iya ɗaga shi a gaban Hajiya, domin ita ta fara son sa, kuma ta fi mu sanin abin da ya ci mata. Sulen Biyafara muna ajiye da shi, muna kuma faɗin abin da yake, amma ba ya cikin waɗanda za mu ce mun fi so.

Akwai abin da ke damun mu a gefe, wanda ya shafi sana'armu. Manhajar da muke rubutawa tana cikin abubuwan da ke kawar da kuɗin hannu. Ba mu yi nadama ba, mai sayar da abinci da ake tura wa kuɗi ta waya ta huta da neman canji da tsoron ɓarawo. Rumbun bayananmu yana riƙe da kowace hulɗa har daƙiƙar da aka yi ta, ya fi kowane gwangwani tsare lissafi. Sai dai babu inda za a ɗaura masa zare. Uban da ya dawo daga wahala yau ya tura wa 'yarsa wani abu, bayan shekara tamanin jikokinta ba za su zazzage komai a tabarma ba. In ana so su sani, sai wani ya zauna ya rubuta. Ko na Hajiya ma, da Gwaggo ba ta wurin ranar, da mun tafi da kwabon muna ba da labarin Edward kawai.

Mun koma kan jadawalin muka goge gurbin da muka tanada don jera su bisa so. A madadinsa muka buɗe wani da ba a jerawa da shi, muka sa masa suna hannun da ta biyo. Yawancin layukan babu komai a wurin, domin waɗanda suka sani sun tafi. Muna bin Gwaggo da sauran tsofaffin gidan da sulallan ɗaya bayan ɗaya, mun cike bakwai zuwa yanzu. Halalar Saudiyya canjin ruwan da Hajiya ta saya ne a Mina. Taro ɗaya na cikin kuɗin da aka ba ta ranar buɗar kai.

Kwabon kuwa mun sa shi a ƙaramin ambulan na takarda, da zarensa. A bayan ambulan muka rubuta shekara da ƙarfe da sunan sarkin, a ƙasa muka rubuta sunan Malam da garinsu, da cewa ya kawo wa 'yarsa daga Jos. Da ƙaninmu ya zo ya karanta, ya ce a ba shi biro. Ya ƙara layi ɗaya da hannunsa: ladan aikin tilas, 1942 zuwa 1944. Muka bar shi yadda ya rubuta. Ya mayar mana da ambulan, ya ce har yanzu in shi ne ba zai ɗauke shi ba, amma in ɗansa ya yi wayo mu nuna masa.